Takardar Asalin Puti

Sutan Bakhtiar ya sayi duƙusar nan ne ranar cin kasuwar dabbobi ta Payakumbuh, bai yi shawara da kowa ba. Matarsa Asnimar tana tsugune bakin murhu tana soya ayabar da take sayarwa, sai ta ji ƙarar kofato wadda ba ta tsohon dokin kekensu ba. Ta leƙo da matsami a hannu. Ga mijinta riƙe da ragama, baki har kunne, ga wata 'yar goɗiya ja mai dogayen ƙafafu kamar an dasa ta a kan gora, tana ta zare ido.

"Uda, wannan fa?" in ji ta, da kiran da matan can ke yi wa mazajensu.

"Baƙuwa kika yi. Ki yi mata sannu da zuwa."

"Baƙuwar da za ta fi ni ci? Da me ka saye ta? Kar dai ka ce mini ajiyar Makka ka taɓa."

"Makka tana nan inda take, As, ba ta tashi."

"Astagfirullahi! Makka ba ta tashi, amma mutum yana tashi. Tsofai-tsofai da kai, furfura har a kunne, ka rasa abin da za ka ɗauko sai wasan yara."

Bai ji haushi ba. Ya ɗaure duƙusar a gindin kwakwa, ya zo ya zauna kan turmi, ya ɗauki ayaba mai zafi yana hurawa.

"Saurara ki ji. Gidan nan naki ne, na uwarki ne tun kakanni. Fadamar shinkafa taku ce. 'Ya'yan da na haifa ma da sunan danginki ake kiransu. Ni toka ce a kan kututture, iska ta taso na tafi. Tun ina saurayi nake jan mutane a keken doki, ina kai su filin sukuwa su yi kallo, ni ina waje ina gadin keke. Ki bar ni ko sau ɗaya in ji an kira sunana a lasifika. A ce ga Puti nan, ta Sutan Bakhtiar. Daga nan ko na mutu ba ni da kaico."

"Har ka raɗa mata suna."

"Tun a hanya. Kin san 'yar wace ce kuwa? 'Yar Bungo ce."

Ko Asnimar da ba ruwanta da dawaki ta san Bungo. Goɗiya ce mai jinin dawakin Ostireliya, wadda a zamaninta ta sa maza da yawa suka koma gida ba hula. Sutan ya ce watannin baya ya kai 'yan biki wani ƙauye a gindin Dutsen Sago, ya ga duƙusar nan da idonsa a ƙarƙashin Bungo tana shan nono. Ya shaida ta da farin da ke goshinta. Yau kuma sai ga ta a kasuwa a hannun dillali Mak Itam. Bai ce uffan ba, kar 'yan kasuwa su farga. Ya je ya miƙa hannu, dillalin ya yafa mayafi a kan hannuwansu kamar yadda ake yi, yatsu suka yi ciniki a ɓoye, aka gama ba wanda ya ji.

"Takardarta fa?" in ji Asnimar, don ita ko tukunya ta saya sai ta ƙwanƙwasa.

"Takarda ai ba ta gudu. Gani ya kori ji."

Takarda ba ta gudu ba. Lafiya ce ta gudu. Ana tsakiyar dashen shinkafa, Sutan ya sunkuya zai ɗauki bokitin dusa, ya faɗi nan cikin barga. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin damansa ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Sai dai ido, da hannun hagu, da wani gurnani da ita kaɗai take ganewa.

Asnimar ba mai zaman kuka ba ce. Ta yi kukanta a bayan gida ta wanke fuska, ta ɗaura ɗamara. Ita ce wanka, ita ce juya shi, ita ce ba shi kunun shinkafa a baki, ita ce yankan ciyawar Puti a bakin rafi. Tana yi tana mita. "Kishin da ban yi da mutum ba ga shi ina yi wa dabba bauta." Kullum da hantsi takan jawo kujerarsa bakin baranda inda zai riƙa hango barga. In Puti ta yi haniniya sai gefen bakinsa mai rai ya motsa. Abin da ya rage masa na dariya ke nan.

Wata rana motar shela ta wuce tana sanar da babbar sukuwar bayan girbi, ana cewa masu ƙananan dawaki su kai takardunsu. Sutan ya kamo gefen zaninta da hannun hagu. Ya nuna barga, ya nuna hanya, ya zana murabba'i a iska.

"Takarda?"

Ya lumshe ido.

"Uda, ni ko sunana da kyar nake rubutawa. Ina ni ina ofis?"

Bai saki zanin ba. Ta dube shi, ta ga yadda wuyansa ya zama kamar na kaza, ta tuna abin da likita ya faɗa mata a ƙofa, cewa irin wannan ciwo in ya dawo na biyu ba ya barin mutum.

"To sake ni. Zan je. Allah ya sa ina da rabon ladan."

Ta kira 'yarsu Erma, wadda ke aure a bayan masallaci, ta zauna da uban. Ita kuma ta saka farin mayafinta ta hau motar Padang, tana ta salati a duk kwanar da direba ya sha.

A ofishin rajistar dawaki ta tarar da wani mai sanƙo, Pak Yulizar, yana zuƙar taba mai ƙanshin kanumfari.

"Uni, ke ce mai dokin?" in ji shi, da kiran girmamawar da ake yi wa mace a can.

"Ni ce mai mijin. Mijin ne mai dokin."

Ya yi dariya har da tari. Ta zayyana masa komai tsaye, ba ta ko zauna ba. Ya kashe tabar, ya ce abin ba wuya. A samo takardar barbara daga wurin mai uwar, wadda ke nuna ingarman da ya hau ta. Mai uwar ta zo ta dangwala yatsa. Shi kuma zai zo da kansa ya ga uwa da 'ya gefe da gefe, ya zana kamannin 'yar. Sannan mai saye ya yi shaida a gaban mutane.

"Mai saye ba ya magana."

"Sai ki tsaya masa. Bakinki ai na ga ya ishi mutum biyu."

"Ya ishi uku, in an taɓa ni. Yaushe za ka zo?"

"Ki gama naki ki aiko. Amma ki hanzarta, in aka rufe littafin bana sai dai ta yi kallo."

Ranar kasuwa ta nufi wajen dabbobi. Mace a tsakiyar shanu da dillalai, sai ido ya dawo kanta. Wani ya ɗaga murya, "Uni, bijimi kike nema ko miji?" Ta ce, "Wanda nake da shi a kwance ya fi ka a tsaye." Aka kwashe da dariya, aka nuna mata Mak Itam a gindin wata bishiya yana sakace.

Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya shiga gyaran mayafin kafaɗarsa.

"Allah ya ba Sutan lafiya. Mutumin kirki. Amma Uni, ni abin da ido ya gani na sayar."

"Ban ce ka sayar da abin da kunne ya ji ba. Takardar nake so."

"Ni ban yi masa alkawarin asali ba. Ya tambaye ni? Bai tambaya ba. Hannunsa ya yi magana, nawa ya amsa. Yatsa kuwa farashi yake faɗa, ba ya faɗin wace ta haifi wace."

"Mak Itam, me kake kewaye-kewaye kamar akuya a turke?"

"Ba kewaye nake ba. Ki hau Sago, ki nemi gidan Etek Darnis. Goɗiyar tata ce, takardun suna hannunta. Ni ɗan aike ne."

Tun daga nan ta fara zargin akwai wata a ƙasa, amma ta ce da kanta halin dillalai ne, ko ruwa ka tambaye su sai sun yi maka kwana.

Gidan Etek Darnis, wato gwaggo a bakin mutanen can, tsohon babban gida ne mai rufi kamar ƙahon ɓauna, rabin ɗakunansa a rufe, 'ya'ya duk sun tafi ci-rani. Ta tarar da tsohuwar tana shanya ɓawon kirfa a tabarma. Aka gaisa, aka kawo shayi, aka tambayi dangi har aka gano kakanninsu sun taɓa haɗa masallaci. Sannan Asnimar ta faɗi buƙatarta.

"Ayya, 'yar marainiyata!" in ji tsohuwar, ta tafa hannu. "Ashe hannunku ta faɗa. Tana cin abinci? Tana da son rake, ki riƙa ba ta."

"Marainiya, Etek?"

"Au, ba a gaya muku ba? Zo ki gani."

Ta kai ta bayan gida. Ga Bungo nan, doguwa, baƙa, ta fara tsufa amma har yanzu wuyan nan a miƙe. Tsohuwar tana shafa ta tana ba da labari kamar mai ba da labarin jika. Bungo ta haihu, namiji, kyakkyawa, amma bai ko tashi tsaye ba ya koma. Goɗiyar ta ƙi ci ta ƙi sha, nono ya cika har yana zuba, tana ta kewaya barga tana kuka. A makon nan kuma wata 'yar goɗiyar maƙwabta, irin gajerun nan masu sauko da kirfa daga kan dutse, ta mutu wajen haihuwa ta bar 'ya.

"Na ce a kawo mini ita. Na ɗauki buhun da muka lulluɓe mataccen da shi, na goge mata jiki kaf, na tura ta. Bungo ta sunsuna, ta sunsuna, sai ta fara lasa. Wallahi 'yar nan sai da na yi hawaye. Tun daga ranar ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kanta. Da ƙanena ya ba dillali ita, kwana da kwanaki Bungo tana kira."

"Uban fa?"

"Wa ya sani? An ce wani dogon doki ne ya tsinke a ƙauyen ƙasa. Daga nan ta samo ƙafafun."

Asnimar ta nemi dutse ta zauna.

"Etek, mijina ya gan ta tana shan nono. Shi ya sa bai tambaya ba."

"To ai ba ƙarya ya gani ba." Tsohuwar ta dube ta, ta gane. Ta sassauta murya. "Ke, kwantar da hankalinki. Takardar barbarar tana cikin akwatina, ba mu taɓa kai rahoton mutuwar ɗan ba. Wa ya sani? Ni, da ƙanena, da Allah. Maƙwabcin ma ya koma Riau. Zan zo in dangwala miki. Ni na ga tana lasar ta, na ga tana tsaya mata a ruwan sama. In wannan ba uwa ba ce, mece ce uwa?"

Duk hanyar dawowa maganar nan take juyawa. Ai gaskiya ne, ko a karatun matan masallaci an faɗa, wadda ta shayar da kai uwarka ce, 'ya'yanta 'yan'uwanka ne, ba aure a tsakani. Nono ba wasa ba ne. Sai wata zuciyar ta ce, haka ne, amma ɗan shayarwa ba ya gadon fadama, kuma ba a canza masa sunan wadda ta haife shi. Wannan ma an faɗa, a zama ɗaya, kuma tana wurin.

Washegari ta yi wa Sutan wanka, ta shafa masa mai, ta zaunar da shi. Ta so ta yi shiru. Amma tunda aka kawo shi gidan uwarta yana ango ba ta taɓa ɓoye masa ko ɓatan allura ba. Ta durƙusa gaban kujerar ta faɗa masa duka, ba ta rage ba.

Ya daɗe yana kallon barga. Hawaye ya gangaro ta ido mai rai, ɗayan yana nan a bushe. Ta kai hannu za ta share, ya kama hannun. Ya buɗe tafinta, ya ɗora babban yatsansa a tsakiya, ya danna. Ya sake dannawa.

"In dangwala?"

Ya lumshe ido.

"Uda, shaida fa za a sa ni."

Ya danna har sai da ta ji zafi. Gurnanin nan ya fito, mai kama da kukan yaro. Mutumin da kafin ciwon nan bai taɓa roƙonta komai ba, ko ƙarin miya.

"To, Uda. To. Na ji. Sake ni kar ka karya mini hannu, da shi nake ba ka abinci."

Ta aika wa Pak Yulizar, ta aika wa Etek Darnis. A kwanakin da ake jira, sallarta ta rikice. Sai ta tsaya a raka'a ta rasa ta nawa ce. Ta ce da kanta doki ne fa, ba mutum ba. Ta ce wa za a cuta? Sai ta tuna masu dawakin da za su tsaya layi ɗaya da Puti, da wanda wata rana zai sayi 'yar Puti yana cewa jikar Bungo ce, shi ma ya taɓa ajiyar Makkarsa. Ta kori tunanin. Ta dafa nama da kwakwa na baƙi, ta share tsakar gida, ta wanke wa Sutan farar rigarsa ta Idi.

Ranar da aka sa, da hantsi, motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida, Etek Darnis a gaba kusa da direba, Bungo a baya. Maƙwabta suka cika bakin shinge. An zaunar da Sutan a baranda da farar riga da baƙar hula, Erma ta gyara masa wuyan rigar. Rabon da a ga haske a fuskarsa haka tun kafin ya faɗi.

Ba a gama sauke Bungo ba ta ɗaga kai ta yi haniniya. Daga barga Puti ta amsa, ta fizge ragama daga hannun mijin Erma, ta taho a guje. Suka haɗa hanci. Bungo ta shiga lasar wuyanta. Ita kuwa ƙatuwar budurwa, ta kusa kai uwar tsawo, sai ta sunkuyar da kai ƙarƙashin ciki tana neman nono. Mutane suka fashe da dariya.

"Ji mini marar kunya!" in ji wata maƙwabciya. "Ta isa aure tana neman mama."

Pak Yulizar ya ce, "Ai shaida ta ƙare. Da duk aikina haka yake da ban yi sanƙo ba."

Ya zagaya Puti da takardarsa mai hoton doki, yana duba inda gashi ya murɗe a goshi da wuya da ƙirji yana sa alama. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Ya karɓi takardar barbara ya karanta, ya gyaɗa kai. Etek Darnis ta dangwala yatsa ta goge a zaninta. Aka kawo ɗan tebur gaban baranda, liman da mai unguwa suka matso.

"Saura ke, Uni. A taƙaice ne." Ya gyara murya, ya karanto yadda ya saba karantawa, ko kallonta bai yi ba. "Ke Asnimar, a madadin mijinki Sutan Bakhtiar, kin shaida tsakaninki da Allah cewa goɗiyar nan Bungo ita ta haifi duƙusar nan Puti?"

Ta riga ta miƙa yatsa wajen tawada. Ta shirya cewa e tun kwanakin baya, ta maimaita shi a bakin murhu ya fi a ƙirga. Ta buɗe baki, abin ya ƙi fita. Da cewa ya yi uwarta ce, da ta amsa. Amma haihuwa ya ce, kuma ya sa sunan Allah a gaba.

"Ita ta shayar da ita," in ji Asnimar.

Pak Yulizar ya ɗago. Ya dube ta, ya dubi tsohuwar, ya dubi mutumin da ke kan kujera da rigar Idi. Ba yaro ba ne, ya gane. Ya sosa sanƙonsa.

"Uni, motar nan ta cika mini kunne da ƙara, ban ji sosai ba. Bari in sake tambaya. E ko a'a kawai ake so."

Ta ji idon Sutan a bayan wuyanta kamar garwashi. Ba ta juya ba, don ta san in ta juya shi ke nan.

"Ka ji ni, Pak. Ɗan Bungo ya mutu ranar da aka haife shi. Wannan marainiya ce aka ba ta ta raina. Nononta ta sha, ba ita ta haife ta ba. Mijina bai sani ba lokacin da ya saya."

"Kai, 'yar nan!" in ji Etek Darnis. "Na hawo mota da tsufana, ƙashina duk ya kwance, don ki zo ki yi mana wa'azi?"

Sai aka ji ƙarar fashewa. Sutan ne ya share kofin shayin da ke gefensa da hannun hagu. Yana ta ƙoƙarin tashi, jikin ya ƙi, hular ta faɗo. Asnimar ta ruga za ta tare shi, ya kawar da kai. Mijin Erma da liman suka ɗauke shi da kujerar suka shigar da shi ɗaki.

Pak Yulizar ya soke abin da ya rubuta a hankali. Ya ce zai yi mata takardar dokin gida, wadda ake ba kowane doki. Da ita za ta iya gudu a wasannin ƙauye in an so, amma babban fili sai masu asali. Ya cike ta nan take. Wurin uba ya ja layi, wurin uwa ya ja layi. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki yi haƙuri, Uni. Littafin jini yake tambaya, ba ya tambayar nono."

"Na sani. Ku ci abinci kafin ku tafi, an riga an dafa."

Ba wanda ya ci na kirki. Da aka zo mai da Bungo mota sai da maza huɗu suka riƙe Puti.

Da gida ya watse ta shiga ɗaki da takardar. "Uda, ga shi, akwai sunanka. Erma ta karanta mini. Mai doki, Sutan Bakhtiar." Ya juyar da fuska bango. Ta kawo kunu, ya datse baki. Ta kawo ruwa, ya datse. Sai da Erma ta karɓi cokalin sannan ya buɗe.

A kicin 'yar ta tare ta. "Amak, ƙaryar doki ce fa. Ba ta mutum ba. Kalma ɗaya."

"Alƙalamin da ke rubuta ta mutum shi ke rubuta ta doki."

"To me ya sa kika ce masa to? Da kin ƙi tun a ɗaki, da ba a tara masa jama'a ba, da rigar Idi."

Asnimar ta ɗauki soso. Ta juya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Daga ranar Sutan bai ƙara karɓar abinci daga hannunta ba. Erma ce ke zuwa safe da rana da yamma. Wanka da juyi dole ya bar ta ta yi, don ba mai yi sai ita, amma idonsa a rufe har ta gama. Ya daina yarda a fitar da shi baranda. In Puti ta yi haniniya sai ya ja mayafi ya rufe kunne. Asnimar ba ta fasa komai ba. Tana yi masa hira kamar da, labarin kasuwa, wanda ya haihu, wanda ya dawo daga ci-rani, tana yi ita kaɗai tana amsa wa kanta.

Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce mace mai tsoron Allah, wasu suka ce mace marar tausayi, mutum yana bakin kabari a hana shi ɗan abin da zai yi murmushi. Duka biyun suna zuwa sayen ayaba, duka biyun tana ba su canjinsu.

Ranar babbar sukuwa, iska ta riƙa kawo muryar lasifika har cikin gida, ana kiran dawaki da sunayen masu su. Ta tashi ta rufe tagogi duk da zafin da ake yi. Ta dawo ta zauna bakin gadon tana yi masa fifita. Yau kam hirar ta ƙare mata.

Ciwon ya dawo ana saura kaɗan a shiga azumi, da rana tsaka. Erma ta tafi kiran liman. Asnimar ta ɗora kansa a cinyarta, ta jiƙa auduga tana ɗiga masa ruwa a leɓe. Wannan karon bai datse ba, amma ba ta sani ba ko yarda ce ko ƙarfin ne ya ƙare.

"Uda, ka yafe mini. Ba gaskiyar nake neman ka yafe ba, ita ko yau aka sake tambayata ita zan faɗa. Alkawarin da na yi maka na kasa, shi nake roƙo. Uda, ko ido ka buɗe."

Ta jira. Ta saka hannunta cikin hannunsa na hagu ko zai matsa. Hannun yana da ɗumi, bai matsa ba, bai kuma janye ba. Da ta ga numfashin yana yin nisa sai ta bar roƙon kanta, ta sunkuya a kunnensa tana maimaita masa kalmar shahada har liman ya shigo.

Bayan an share makoki, ɗan 'yar'uwar Sutan ya zo ya karɓi keken da dawakin, kamar yadda dangi suka tsara. Tsohon dokin ya gaji, don haka Puti aka koya wa jan keke. Asnimar ta bi shi har ƙofa da takardar a leda.

"Etek, ki bar ta kawai," in ji shi, don ita ma gwaggo ce a wurinsa. "Dokin keke wa zai tambaye shi takarda?"

"Karɓi dai. Da sunan kawunka a ciki."

Ya karɓa don kunya, ya cusa a ƙarƙashin kujerar keken, ya kaɗa linzami suka tafi.

Allah ya jiƙan Sutan Bakhtiar, ya sa ya huta. Ita kuma Allah ya ba ta haƙurin abin da ba ta samu ji daga bakinsa ba.